Sikelin da ke daskarewa idan waya ta zame: gwajin zare USB da mayarwa a kwamfutar kwaikwayo

Manhajar da ake magana a kanta ƙarama ce. Tana zaune a kwamfuta mai Linux, tana karɓar nauyi daga sikelin lantarki ta wayar da ke mayar da layin siriyal zuwa USB, irin mai guntun lantarki na kamfanin FTDI, sannan ta tura lambar zuwa rumbun bayanai. Sikelin yana aiko da layin rubutu sau da yawa a kowace daƙiƙa, kamar `0125.40 kg`, a gudun layi na baud 19200. Koken masu amfani da ita iri ɗaya ne: da zarar wayar ta ɗan zame, ko an zare an mayar, sai nauyi ya daskare a allo, fankar kwamfuta ta kama ƙara, ba abin da ke dawo da aiki sai an kashe an kunna. Wani sa'in kuma bayan an sake tayar da manhajar aiki ya ci gaba, amma nauyin farko da ya shiga rumbu ba daidai ba ne.

Zare waya da hannu yana nuna cewa akwai matsala, amma bai isa gwaji ba. Hannu ba zai iya zarewa daidai a tsakiyar layi ba, ba zai iya mayarwa bayan milisakan 200 cif ba, kuma ba wanda zai tsaya yana yi sau ɗaruruwa duk lokacin da aka taɓa rubutun manhajar. Wannan ya sa aka mayar da gwajin cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, tare da KVM na Linux da ke ƙara mata sauri, inda kwamfutar gaske ke zaman uwa, ta kwaikwayo kuma ke zaman baƙuwa a cikinta.

Yadda aka haɗa wurin gwaji

QEMU yana da na'urar kwaikwayo mai suna `usb-serial` da ke gabatar da kanta a matsayin FTDI, da lambar kamfani 0403 da lambar kaya 6001. Saboda haka direban `ftdi_sio` na Linux ne ke ɗaukarta a cikin baƙuwa, wanda shi ne ke ɗaukar wayar gaske. An tayar da baƙuwar da waɗannan ƙarin:

`-device qemu-xhci,id=xhci`
`-chardev socket,id=ser0,path=/tmp/sikeli.sock,server=on,wait=off`
`-device usb-serial,id=sikeli0,chardev=ser0,bus=xhci.0,port=1,serial=SK001,always-plugged=on`
`-qmp unix:/tmp/qmp.sock,server=on,wait=off`

A ɓangaren uwa, wata 'yar manhaja tana jone da soket ɗin tana kwaikwayon sikeli. Ita ce kuma ke riƙe da QMP, hanyar da ake ba QEMU umarni da JSON, domin wanda ke aika nauyi ya zama shi ne mai yanke lokacin zarewa. Amfanin haɗa su wuri ɗaya zai fito a gaba.

Abu biyu a layi na uku suna buƙatar bayani. Na farko `always-plugged=on`. Idan ba a sa shi ba, QEMU yana jona na'urar ne kawai lokacin da wani ya buɗe soket ɗin, ya zare ta da zarar an rufe. Ke nan duk lokacin da mai kwaikwayon sikeli ya faɗi ko aka sake kunna shi, baƙuwa za ta ga an zare USB ba tare da wani ya ba da umarni ba, sai gwaji ya rikice a rasa dalili. Ana iya mayar da wannan hali hanyar gwaji mai araha, a rufe soket a buɗe, amma gara a riƙe zarewa a hannun umarni ɗaya da aka sani. Na biyu `serial=SK001`. Idan ba a ba na'urar lambar shaida ba, QEMU yana ƙirƙira mata ɗaya daga inda aka jona ta, don haka in aka canza kafa sai sunanta a `/dev/serial/by-id` ya canza, abin da wayar gaske ba ta yi.

Zarewa umarni ɗaya ne, `device_del` da sunan `sikeli0`. Mayarwa kuma `device_add` da dukkan bayanan da ke layi na uku. A QMP a tura `port` a matsayin rubutu, ba lamba ba. Tsakanin umarnin biyu dole a jira sanarwar `DEVICE_DELETED`. Amsar da QEMU ke bayarwa ga `device_del` ba ita ce shaidar an gama ba. Wanda ya yi gaggawar mayarwa kafin sanarwar ta zo yana iya cin karo da ƙorafin cewa sunan yana nan ko ana amfani da `ser0`, kuma ba kowane zagaye hakan ke faruwa ba, shi ya sa yake da wuyar ganowa. Sa jiran daƙiƙa ɗaya a madadin sanarwar yana rufe matsalar a kwamfuta mai sauri, ta dawo ranar da uwar ta yi nauyi da wasu ayyuka.

A cikin baƙuwa an bar `udevadm monitor --kernel --udev` da `dmesg -w` suna rubuta sanarwar kanel, wato zuciyar Linux, da ta udev mai kula da fayilolin na'urori cikin fayil, ana kuma aika tambayoyi ta wakilin baƙuwa na QEMU.

Abin da zarewar farko ta fito da shi

Ba a buƙaci zagaye da yawa ba. Bayan `device_del`, kanel ya rubuta cewa an cire na'urar daga `ttyUSB0`, manhajar kuma ta cinye cibiyar sarrafawa ɗaya gaba ɗaya. `strace`, mai bibiyar kiran da manhaja ke yi wa kanel, ya nuna tana kiran `read` ba tsayawa, kowane kira yana dawo da sifili nan take.

Dalilin yana cikin yadda aka saita layin tun farko. An sa VMIN sifili, VTIME goma, wato `read` ya jira har daƙiƙa ɗaya, in ba a samu komai ba ya dawo da sifili. Marubucin manhajar ya ɗauki sifili a matsayin "sikeli bai yi magana ba, sake tambaya". Amma idan aka zare na'ura, kanel yana katse layin, kuma daga nan duk `read` a kan tsohon riƙon fayil yana dawo da sifili ba tare da jira ba. Amsa iri ɗaya, ma'ana biyu. `write` ne zai dawo da kuskuren EIO, to amma wannan manhaja ba ta rubuta wa sikeli komai, saboda haka ba ta taɓa jin labarin an zare ba.

Matsala ta biyu ta fito daga ta farko. Da aka mayar da na'urar, kanel ya ba ta `ttyUSB1`. Muddin akwai wanda ke riƙe da tsohon layin a buɗe, lambarsa ba ta komawa hannun kanel, sai sabuwar na'ura ta ɗauki ta gaba. Manhajar kuwa an rubuta mata `/dev/ttyUSB0` a fayil ɗin saiti. Shi ya sa sau da yawa ko an sake tayar da ita ba ta samun sikeli, sai an kashe kwamfuta lambobi sun koma farko. Wannan ya dace da koken da aka kawo daidai.

Gyaran ba shi da yawa. A yi amfani da `poll`, a duba POLLHUP da POLLERR, alamun katsewa da na kuskure, kafin a karanta. Da an gan su a rufe layin nan take, a shiga jiran dawowa. A daina kiran na'ura da lamba, a koma sunan da ke `/dev/serial/by-id`, ko `by-path` idan wayoyin ba su da lambar shaida kuma kafar da ake jonawa ba ta canzawa.

Akwai wani rami kusa da wannan da manhajar ta tsallake don an buɗe layin da O_NOCTTY. Da ba a sa shi ba, layin zai iya zama tashar da ke iko da manhajar, katsewa ta aiko mata da SIGHUP, siginar katsewar layi, ta mutu. Shi kuma systemd, mai tayar da sabis a Linux, yana lissafa mutuwa ta SIGHUP cikin fita lafiya, don haka `Restart=on-failure` ba zai tayar da ita ba. Ya kamata gwajin ya duba lambar aikin manhajar, wato PID, kafin zarewa da bayanta.

Abin da sai da maimaitawa ya bayyana

Bayan gyaran farko aka sa gwajin ya riƙa zagayawa, ana canza tsawon lokacin da na'urar ke a zare: milisakan 50, 200, daƙiƙa ɗaya, daƙiƙa goma, minti ɗaya. Ana zaɓen tsawon da ka, amma ana rubuta lambar da aka fara zaɓen da ita, don in zagaye ya faɗi a iya maimaita shi yadda ya faru. 

Nan aka ga manhajar tana faɗuwa jefi-jefi da EACCES, kuskuren rashin izini. Sabon tsarin jiran yana sauraron sanarwar kanel kai tsaye, yana buɗe layin da zarar ta zo. Amma kanel yana ƙirƙirar fayil ɗin na'urar a matsayin mallakar root shi kaɗai. Udev ne ke zuwa daga baya ya ba rukunin `dialout` izini, ya kuma haɗa sunan `by-id`. Tazarar 'yan milisakan ce, tana faɗaɗa idan baƙuwar ta yi nauyi. Maganin shi ne a saurari sanarwar udev ta libudev, wadda ke zuwa bayan an gama waɗannan, kuma a ɗauki EACCES da ENOENT (babu fayil) da EBUSY (ana amfani da shi) a matsayin "sake gwadawa nan da ɗan lokaci", ba dalilin fita ba. Rage baƙuwar zuwa cibiyar sarrafawa ɗaya da ɗora mata aikin banza yana sa wannan tsere ya fito da wuri.

An gwada wata hanya ta daban, a bar manhajar ta fita duk lokacin da aka katse, systemd ya tayar da ita. Gwajin ya nuna rauninta nan da nan. A saitin asali systemd yana barin tayarwa biyar ne cikin daƙiƙa goma, tazarar sake tayarwa kuma milisakan 100 ce. Idan sikeli ya yi daƙiƙa biyu a zare, manhajar ta tashi ta faɗi sau biyar kafin ya dawo, systemd ya haƙura da ita. Hanyar tana yiwuwa in an ɗaure sabis ɗin da na'urar ta `BindsTo=` aka kuma sa udev ya tayar da shi da `SYSTEMD_WANTS`, amma waya mai rawa da ke katsewa a jere tana iya cinye adadin duk da haka.

Sai ModemManager, sabis ɗin Linux mai kula da modem. A tsarin da yake a kunne, yana iya buɗe sabon layin siriyal ya aika masa umarnin AT don ya ga ko modem ne. A ɓangaren uwa wannan ya fito fili, domin mai kwaikwayon sikeli yana rubuta duk abin da ya shigo masa daga baƙuwa. Dokar udev mai sa `ID_MM_DEVICE_IGNORE` ta zama 1 ga wannan na'ura ta kawar da shi. Darasin haɗa gwajin a nan shi ne baƙuwar ta zama hoton tsarin da ake turawa wurin aiki, ba wani ƙaramin Linux da aka tsaftace don gwaji ba.

Nauyin ƙarya

Wannan ce matsalar da ta fi tsada, domin ba ta yin ƙara. Sikeli yana cikin aika `0125.40 kg` aka zare bayan `01` ta shiga. Manhajar ta ajiye waɗannan haruffa biyu tana jiran ƙarshen layi. Sikelin gaske ba ya daina magana don an zare waya, saboda haka da aka mayar, abin da ya fara shigowa wutsiyar wani layi ne, misali `8.20 kg`. Manhajar ta liƙa su ta samu `018.20 kg`, lamba mai kyan gani da ba a taɓa aunawa ba, ta tura rumbu.

Zarewa da ka tana iya yin zagaye masu yawa ba ta faɗo kan wannan ba. A nan ne haɗa mai aika nauyi da mai riƙe QMP ya yi amfani: ya aika harafi ɗaya, ya ɗan jira ya isa baƙuwa, ya zare, ya mayar, ya fara daga tsakiyar wani layi; sannan haruffa biyu, uku, har ƙarshen layin. Layin gajere ne, don haka ana iya bin kowane wurin yankewa da kowane wurin farawa ba tare da barin ko ɗaya ba. Kuma tunda mai kwaikwayon ya san kowane nauyi da ya aika cikakke, sharaɗin cin gwajin ya zama mai sauƙin faɗa: duk abin da ya shiga rumbu dole ya kasance cikin jerin da aka aika cikakke, kuma nauyi na farko ya iso cikin daƙiƙa uku da mayarwa. Ganin `/dev/ttyUSB0` ya dawo ba shaida ba ne. An ƙara duba yawan fayilolin da manhajar ke riƙe da su a `/proc`, kada ya riƙa hawa zagaye bayan zagaye.

Gyaran: a zubar da ragowar da ke ajiye lokacin katsewa, a kira `tcflush` bayan buɗewa, a watsar da komai har zuwa ƙarshen layi na farko, a kuma ƙi duk layin da tsawonsa bai cika ba.

Inda kwaikwayon ke yaudara

Gwajin da ke sama zai iya cin nasara alhali manhajar tana da aibi, ta fuska biyu aƙalla.

Soket ba shi da gudu. Bayan an mayar da na'ura, saitin layin yana komawa na asali, wato 9600 tare da maimaita abin da ya shigo. Idan sabuwar hanyar sake buɗewa ta manta kiran `tcsetattr`, wayar gaske za ta kawo shirme, amma a QEMU haruffa za su wuce lafiya lau, domin soket bai damu da 9600 ko 19200 ba. Dole gwajin ya tambaya da kansa, da `stty -F` a cikin baƙuwa bayan kowane zagaye. Maimaitawar kuwa ana kama ta daga uwa: in mai kwaikwayon ya ga nauyinsa yana dawo masa, layin bai samu saitinsa ba.

Ta biyu ta fi zurfi. `device_del` a kan USB ba ya neman yardar baƙuwa, kuma wannan daidai ne da gaskiya. Amma yankan yana da tsafta: na'ura tana nan, sai ba ta nan. A wayar gaske akwai ɗan lokaci tsakanin rabuwar ƙarfe da ƙarfe da lokacin da kanel zai gane, inda buƙatun da ke kan hanya ke dawowa da kurakurai irin su -71 da -84, wato EPROTO da EILSEQ, kafin a kai ga -19 ko -108, masu nuna na'urar ta tafi. Ga manhajar da ke saman `ttyUSB`, direba ya shanye mafi yawan wannan. Ga mai rubuta direba ko mai amfani da libusb, wannan tazarar ita ce wurin aikin, kuma da wuya QEMU ya nuna ta. Haka nan faɗuwar wuta da ke sa guntun ya sake tashi shi kaɗai.

Hanyoyin cikin baƙuwa sun fi haka tsafta. Rubuta 0 a `/sys/bus/usb/devices/1-1/authorized`, ko raba direba da na'ura ta `unbind`, kamar baƙon da ya yi sallama kafin ya fita ne: na'urar tana nan a jone, direba yana iya yi mata magana ta ƙarshe ta amsa. Suna da kyau don gwada dokokin udev da sauri, kuma ba sa buƙatar QEMU ma. Ba sa maye gurbin zarewa daga waje.

Don rufe wannan giɓi aka ƙara mataki na biyu, mai ƙarancin zagaye. Wayar FTDI ta gaske tana jone da uwa ta hob, wato mai raba kafofin USB, irin mai iya kashe wutar kowace kafa daban, an miƙa ta ga baƙuwa da `usb-host,vendorid=0x0403,productid=0x6001`, ana kashe wutar da `uhubctl`. A lura, hob da yawa suna karɓar umarnin amma ba sa yanke wutar. A jona fitilar USB a gani da ido kafin a dogara da shi. A kuma lura da lambar na'ura: kowace mayarwa tana ba ta sabuwar lamba a layin, har 127 sannan a zagayo. QEMU da aka ba lambar kamfani da ta kaya yana sake nemo na'urar da kansa. libvirt kuwa, mai sarrafa QEMU ta umarnin `virsh`, yana fassara su zuwa lambar layi da ta na'ura a lokacin haɗawa, don haka bayan an zare dole a yi `virsh detach-device` sannan `attach-device` a sake. Ko a wannan mataki, kurakuran lantarkin uwa ce ke fara ganinsu, abin da ke isa baƙuwa QEMU ya riga ya tace shi. Gwajin direba na ƙarshe sai a kan kwamfutar gaske.

Wanda zai ɗauki wannan tsari zuwa katin sadarwa ko faifai na PCI kada ya zaci abu ɗaya ne. A can `device_del` roƙo ne: QEMU yana sanar da baƙuwa, ita ce za ta saki na'urar in ta ga dama. A tsarin PCIe na asali Linux yana jira daƙiƙa biyar bayan an danna maɓallin kwaikwayon kafin ya cire, kuma baƙuwar da ba ta gama tashi ba tana iya ƙin amsawa, `DEVICE_DELETED` ba za ta zo ba. Daga QEMU 6.1 injin q35 ya koma amfani da ACPI don wannan a saitin asali, amma har yanzu sai na'urar tana kan `pcie-root-port`; wadda aka ɗora kai tsaye a `pcie.0` ba ta ciruwa. Ke nan ba a kwaikwayon fizge katin PCI da wannan umarni. Idan kuma wayar sadarwa kawai ake son zarewa, `set_link` ne a QEMU, `domif-setlink` a virsh, `setlinkstate1 off` a VBoxManage na VirtualBox, katin yana nan a wurinsa. Ga faifan USB, wanda aka haɗa da tsohon `-drive` yana tafiya tare da na'urar idan aka cire ta, sai an sake ƙirƙira shi kafin mayarwa. Wanda aka haɗa da `-blockdev` yana nan yana jira.

A tsarin da aka tsayar, matakin QEMU yana gudana duk lokacin da aka canza rubutun manhajar: dukkan wuraren yanke layi, sannan zagaye 300 na zaɓen ka a baƙuwa mai cibiya ɗaya. Matakin hob da wayar gaske sai kafin fitar da sabon zubi. Idan zagaye ya faɗi, ana ajiye lambar zaɓen, rubutun `dmesg` da na udev, da fayil ɗin da `pcap=` ya tara a kan na'urar, wanda ake buɗewa da Wireshark a ga fakitin USB na ƙarshe da ya wuce kafin yankewa.